Tikitin dawowa dole ne ga mai tafiya neman aiki Dubai ko Saudiyya?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman haske daga waɗanda suka san harkar tafiye-tafiye. Sana'ata gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, ba ni da digiri, kuma ina shirin fita neman aiki. Wani ejen ya ba ni hanya biyu: ko bizar ziyara ta kwana 60 zuwa Dubai in je in nemi aikin da ƙafata, ko bizar Umara in shiga Saudiyya, in na gama ibada in tsaya. Ya ce tunda ba dawowa zan yi nan kusa ba, asarar kuɗi ce sayen tikitin zuwa da dawowa. Wai zai buga mini takarda mai nuna ranar dawowa, in an tambaya a filin jirgi in miƙa.

Shin wane ne ma ke tambayar tikitin dawowar, kamfanin jirgi ko jami'an shige da fice? Takardar da zai buga ɗin tana wucewa? Ban da fasfo da biza me kuma ake nema a hannun mutum? In kuma Allah ya sa na samu aiki a can, ya ake yi da ragowar tikitin? Allah ya saka da alheri.

Mai Tikiti ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tikiti biza yake bi. Mai bizar aiki ko takardar zama yana tafiya da tikitin zuwa kaɗai, ba mai ce masa kanzil. Mai bizar ziyara, yawon buɗe ido ko Umara kuwa baƙo ne na ɗan lokaci, sai ya nuna yadda zai fita. Duk hanyoyi biyun da ejen ɗinka ya kawo na baƙunta ne, saboda haka tikitin dawowa ya hau kanka.

Wuri uku ake tambayarsa. Na farko kantar kamfanin jirgi, wajen awon kaya, kuma nan aka fi tsayar da mutane. Ma'aikacin ba da ka yake aiki ba. Akwai wata manhaja a kwamfutarsa, Timatic, ta ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya IATA. Yana shigar da ƙasar fasfonka, inda za ka, da inda za ka yada zango, sai ta jero masa sharuɗɗa: fasfo ya rage masa aƙalla wata shida, biza, katin rigakafi, tikitin dawowa ko na wucewa gaba. Dalilin tsananinsu kuɗi ne. A ƙa'idar sufurin jiragen sama da ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, in ƙasa ta ƙi karɓar fasinja, kamfanin da ya kawo shi ne zai kwashe shi ya mayar, kuma ƙasashe da yawa suna ɗora tara a kai. Ba kamfanin da zai ɗauki wannan asara don ya tausaya maka. Na biyu jami'an shige da fice na gida, kafin su buga maka hatimin fita. Na uku jami'in ƙasar da ka sauka, wanda shi ke da magana ta ƙarshe, don biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai, shi ke buɗewa ko ya bar ta a rufe.

Sai takardar da za a buga maka. Ka san bambancin abu biyu. Akwai ajiyar kujera, wadda ejen-ejen ke kira bukin: lamba ce mai haruffa da alƙaluma shida, ana riƙe maka wuri na kwana ɗaya zuwa uku ba tare da an biya ba, in wa'adin ya cika ta faɗi da kanta. Akwai kuma tikitin gaske, mai lamba 13 da ke fita bayan an biya. Ukun farko na lambar su ne shaidar kamfani: 071 Ethiopian Airlines, 077 EgyptAir, 157 Qatar Airways, 176 Emirates, 065 Saudia, 235 Turkish Airlines. In takardarka ba ta da wannan lamba 13 a gefen tafiyar dawowa, ba ka da tikiti, takarda kake riƙe da ita. In dawowar a kamfani ɗaya take da zuwan, cikin daƙiƙa biyar ma'aikacin kanta zai gani. In a wani kamfani take, yana iya shiga shafinsu ya duba, kuma matashi mai tafiya shi kaɗai da sabon fasfo fari fat shi aka fi dubawa. Abin da ke biyo baya biyu ne: ko ka sayi tikitin dawowa nan take a farashin ranar, wanda shi ne mafi tsada, ko jirgi ya tashi ya bar ka, kuɗin zuwan ma ya tafi a tarar rashin halarta. In kuma a can aka gano, laifin ya tashi daga rashin tikiti ya koma gabatar da takardar bogi.

Akwai wata cuta da ta fi wannan ɓoyuwa. Ejen ya yanka tikitin zuwa da dawowa na gaske, mutum ya wuce lafiya, bayan ya sauka sai a soke ɓangaren dawowar daga nan gida a karɓe kuɗin. Mai shi ba zai sani ba sai ranar da ya ja jakarsa zuwa filin jirgi. Maganinsa shi ne ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka sa lambar nan mai haruffa shida da sunan mahaifinka yadda aka rubuta a tikiti, ka tabbatar tafiya biyun suna nan. Ka duba ranar da aka ba ka, ka sake dubawa kwana biyu kafin tashi, ka kuma dubawa mako ɗaya bayan ka sauka. Ka sa a rubuta imel ɗinka da lambar wayarka a cikin bukin ɗin, ba na ejen ba, don duk canjin da aka yi saƙon ya zo maka. In da hali ka saya kai tsaye a ofishin kamfanin jirgin, ka karɓi rasit.

Batun asara kuma, ka nemi a ba ka farashin biyun ka gwada. Sau da yawa tikitin zuwa kaɗai ya fi rabin kuɗin zuwa da dawowa nesa ba kusa ba, don haka abin da ake cewa za ka rage bai kai yadda ake zuzutawa ba. Kafin ka biya ka tambayi abu uku: nawa ne canjin rana, ana mayar da kuɗi in ba a yi amfani da dawowar ba, kuma har wata nawa aka yarda a zauna kafin a dawo. Tikiti mai araha sosai yakan zo da iyakar wata ɗaya ko uku. Mai tsada yakan kai shekara daga ranar tashi. Canjin rana kuɗi biyu ne, tarar canjin da kuma bambancin farashi in kujerar ranar ta fi tsada, kuma sai ka canza kafin lokacin tashin jirgin, in ya wuce tarar ta ƙaru ko tikitin ya mutu. Ko wanda ba a mayar da kuɗinsa, wani ɓangare na harajin filin jirgi da ba a yi amfani da shi ba ana iya nemansa.

Ranar dawowa lalle ta faɗa cikin kwanakin bizar. Biza ta kwana 60, ka sa dawowa a kwana na 57 ko 58. Wanda ya sa ta a wata na huɗu ya riga ya faɗa wa jami'i da hannunsa cewa zai zarce.

Hajiyar Zango ta rubuta:

Malam Mai Tikiti ya gama da ɓangarensa. Ni bizar zan taɓa, don can matsalar take ɗana, ba a tikiti ba.

Bizar ziyara ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ba ta halatta aiki, ko na yini ɗaya, ko na gwaji. Ka raba takardunka a kamfanoni, ka je ganawa, wannan ba a kama mutum a kai. Amma ka ɗauki sukundireba ka hau rufin gini kana kwance na'ura kafin izinin aikinka ya fito, kai da mai kamfanin kun taka doka. Gyaran da aka yi wa dokar ƙwadago a 2024 ya kai tarar ɗaukar ma'aikaci ba izini daga dirhami 100,000 zuwa miliyan ɗaya, shi ya sa kamfanin kirki ba ya yarda. Wanda zai ce maka fara tukuna mu ga hannunka, biza ta biyo baya, shi ne wanda zai ci guminka wata biyu ya sallame ka, kuma ba ka da bakin kai ƙara don a takarda kai ɗan yawon buɗe ido ne.

Akwai biza ta musamman ta neman aiki da suka fito da ita a Oktoban 2022, ta kwana 60, 90 ko 120, ba sai da mai ɗaukar nauyi ba. Sai dai ta masu digiri ce da manyan ƙwararru, da sababbin ɗaliban da suka gama jami'o'i 500 na sahun gaba a duniya. Mai sana'ar hannu ba ya ciki. In wani ya ce zai yi maka ita ba digiri, ka san takardar ƙarya zai cusa a sunanka.

Ka kuma sani 'yan Najeriya ba su da sauƙi a wannan ƙofa. An daina ba mu biza a Oktoban 2022, sai 15 ga Yulin 2024 gwamnati ta sanar da an dawo da bayarwa, Emirates ma sai 1 ga Oktoban 2024 ya koma sauka Legas. Tun daga nan sharuɗɗan suka yi tsauri, musamman kan matashi mai tafiya shi kaɗai, kuma ana yawan sauya su. Kafin ka ba kowa sisi ka duba sharaɗin ranar a shafin hukumomin shige da ficensu, ICP ta tarayya ko GDRFA ta Dubai. A waɗannan shafukan ne kuma za ka sa lambar biza da ta fasfo ka ga ko bizar da aka turo maka ta WhatsApp tana raye. Hoton biza kowa na iya haɗa shi a shagon kwamfuta.

In ka sauka da bizar ziyara, abin da jami'i zai iya nema shi ne tikitin dawowa, takardar otal da aka tabbatar ko adireshi da shaidar zaman wanda zai sauke ka, da kuɗin guzuri da ya yi daidai da kwanakin da ka ce za ka yi. Za a ɗauki hoton fuska da ƙwayar ido. Tambayar ba ta wuce biyu ko uku, me ya kawo ka, ina za ka sauka, yaushe za ka koma. Mai kwana 60 da dala 200 a aljihu da jaka cike da kayan aiki, amsarsa ba za ta zauna ba.

Wa'adi na cika tara ta fara, dirhami 50 kowace rana. Wata uku dirhami 4,500 ke nan, wajen dala 1,225, tunda dala ɗaya dirhami 3.67 ce ba ta motsi. Kada ka dogara da kwanakin rangwame da tsofaffin matafiya ke ba da labari. Kamfanin yawon buɗe idon da ya ɗauki nauyin bizarka kuma yana iya shigar da rahoton ka gudu don ya wanke kansa, daga nan ko an yi maka tayin aiki biza ba za ta fito ba sai an warware wannan. Afuwar da suka yi daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Disamban 2024, wadda masu zarce wa'adi suka fita ba tara, ba kullum ake yin ta ba. 

Hanyar da ta dace da mai sana'a irinka ga ta. Kamfani ya ba ka takardar tayin aiki a kan fom ɗin ma'aikatar ƙwadagonsu, MOHRE, mai lamba da za ka iya dubawa a shafin ma'aikatar. Ka karanta albashi, sunan aikin, masauki da sa'o'i, ka sa hannu. Su nemi izinin aiki, sannan izinin shiga na ma'aikaci ya fito, ka shiga da shi a kan tikitin zuwa kaɗai. Cikin kwana 60 da shigarka a yi gwajin lafiya, a ɗauki zanen yatsu na katin shaidar Emirates ID, a buga maka zama na shekara biyu. Gwajin jini ne na ƙanjamau da hoton ƙirji na tarin fuka, masu aikin gida, abinci, aski da reno kuma ana ƙara musu na ciwon hanta. Ka yi waɗannan a gida tun kafin ka kashe kuɗi, don wanda ya faɗi a can komowa zai yi. In kamfanin na yankin ciniki na musamman ne, hukumar yankin ke ba da takardun, ba MOHRE ba, sai ka nemi sunan yankin ka bincika a can.

Dokar ƙwadagonsu mai lamba 33 ta 2021 ta hana mai kamfani karɓar kuɗin ɗauka aiki daga ma'aikaci, kai tsaye ko ta bayan gida. Biza, gwajin lafiya, katin shaida, duk nasa ne, haka tikitin komawarka gida in kwantiragi ya ƙare, sai in ka koma wani kamfani ko laifin rabuwar naka ne. Riƙe fasfon ma'aikaci ma haramun ne a dokarsu, ko da yake ana yi.

Ɗan Kurna ya rubuta:

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na duba takardar da ya turo mini a matsayin samfuri, lallai haruffa shida ne kawai a sama, babu lamba 13 ɗin. To ita Saudiyyar fa? Ya ce can ta fi sauƙi don akwai 'yan uwa Hausawa da yawa, mutum na shiga ya ɓace cikinsu.

Baban Ummi ya rubuta:

Ɗan Kurna, abin da yake kwatanta maka sunansa takarci, kuma zamanin da ake ɓacewa cikin jama'a a Jidda ko Makka ya wuce. Tun daga neman biza ake ɗaukar zanen yatsunka, a sake ɗauka a filin jirgi. Layin waya, asusun banki, asibiti, hayar ɗaki, duk sai da igama, wato katin izinin zama. Wanda aka taso ƙeyarsa ya je ya yi sabon fasfo da wani suna, yatsun ne za su tona shi ranar da ya dawo.

Bizar Umara ta ibada ce da ziyara. Tun 2022 aka kai zamanta kwana 90, amma ba a aiki da ita, kuma ba a mayar da ita bizar aiki a cikin ƙasar. Tikitin dawowa sharaɗi ne, tare da masauki da aka yi rajistarsa. Kwana 90 ɗin ma ba kullum suke cika ba, don gabanin Hajji ana yanka ranar da duk mai Umara zai fice. A 2025 ranar 29 ga Afrilu ce, 1 ga Zulƙida. Wanda ya shigo a ƙarshen azumi bai samu ko wata biyu ba.

Hukuncin zarce wa'adi da ma'aikatar cikin gidansu ta sanar ya kai tarar riyal 50,000, ɗaurin wata shida, da kora. Kamfanin Umarar da bai kai rahoton mutuminsa da ya maƙale ba shi ma tararsa na kaiwa riyal 100,000, shi ya sa kamfanonin gaske suke neman mai tsaya maka kafin su yi maka biza. Wanda kuma aka kama ya shiga Hajji ba izini, riyal 20,000 ne da hana shiga ƙasar shekara 10.

Ga abin da mutane ba sa lissafawa game da tikiti. In bizarka ta mutu, tikitin da ke hannunka ba ya fitar da kai. Ba za ka je filin jirgi ka hau kamar kowa ba, sai ka bi ta hannun Jawazat, hukumar fasfo da shige da ficensu, yawanci ta tarhil, wurin tsare waɗanda za a kora, irin babban sansanin Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, ka jira a tantance ka, in ba fasfo ofishin jakadanci ya yi maka takardar tafiya ta gaggawa. Kafin a gama ranar tikitin ta daɗe da wucewa.

Cewa biza ba tabbacin shiga ba ce, mun ga misalinsa a fili. A Nuwamban 2023 jirgin Air Peace ya tashi daga Legas ya biya ta Kano ya sauka Jidda da fasinja 264, aka soke bizarsu a filin jirgi. Bayan sa baki aka bar 87 suka shiga, 177 aka dawo da su. Bayanin da ofishin jakadancin Saudiyya ya bayar shi ne an shigar da bayanan da ba daidai ba don samun nau'in bizar da ba ta shafe su ba. Fom ɗin bizarka, ko wa ya cike, da sunanka aka cike. Ka nemi ganin abin da aka rubuta kafin a tura.

In aiki kake so a can, bizar aiki daga mai ɗaukarka take fitowa, wato kafil. Kwantiragin ma'aikacin kamfani ana rajistarsa a manhajar Qiwa, na masu aikin gida da direbobin gida a Musaned. Akwai gwajin lafiya a asibitin da suka amince da shi kafin a buga biza. Ka shiga da tikitin zuwa kaɗai, kafil ya fitar maka da igama cikin kwana 90. Sashe na 40 na dokar ƙwadagonsu ya ɗora masa kuɗin ɗauko ka, na igama, na izinin aiki, da tikitin mayar da kai in aiki ya ƙare. Ka duba sana'ar da aka rubuta a bizar. In an rubuta direban gida ko makiyayi alhali gyaran na'ura za ka yi, sauƙin canja wurin aiki da aka kawo a Maris 2021 bai shafe ka ba, don bai haɗa da masu aikin gida, direbobin gida, manoma da makiyaya ba. Ka guji abin da ake kira biza hurra, wadda za ka saya a hannun kafil ya sake ka ka yi aiki inda ka ga dama kana biyansa duk wata. Babu ita a doka. Ranar da kuka saɓa ya buga maka hurub, ka wayi gari a matsayin gudajje.

Mai igama ma ba ya fita sai da bizar fita, ta je ka dawo ko ta sallama gaba ɗaya.

Injiniya Mai Walda ya rubuta:

Ina girmama manya, amma kada a rufe wa yaro ƙofa gaba ɗaya. Ana samun aiki da bizar ziyara a Dubai, kuma doka ta yarda a canza matsayin mutum zuwa ma'aikaci yana cikin ƙasar in kamfani ya biya kuɗin canjin. Gyaran sanyi sana'a ce mai kasuwa a ƙasar da zafi ke haura digiri 45. Sai dai lissafin ne ke kayar da mutane. Daga sa hannu a tayin aiki zuwa fitowar izini ana iya cin mako biyu zuwa huɗu. Ke nan a cikin kwana 60, kwana 32 zuwa 46 ne kawai na nema. In ranar 40 ta yi ba takarda a hannu, ko ka biya kuɗin ƙarin kwanaki tun biza na da rai, ko ka hau tikitinka. Kada ka soke dawowar don wani ya yi maka alkawari da baki, sai izinin ya fito ka gan shi a shafin hukuma. Ka tafi da takardar shaidar sana'a da hotunan ayyukanka. Duk satifiket ɗin da kake so ya yi aiki a can sai an buga masa hatimi a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadancinsu, a ƙarasa a ma'aikatar harkokin wajensu in ka isa. Daga can ba ka iya yin na Abuja sai ka aiko.

Hajiyar Zango ta rubuta:

Gaskiya ne Injiniya, ana samu. Amma wannan shawara ta wanda bizar ziyarar za ta fito masa ta hanyar gaskiya ce, kuma yana da kuɗin cin wata biyu da na gado a ɗakin haya ba tare da ya taɓa aiki ba. Wanda ya sayar da babur ko gona ya haɗa kuɗin, gara ya nemi aikin daga gida. Kamfanin da ke ɗaukar ma'aikata zuwa waje dole ya mallaki lasisin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ka ce a nuna maka, ka tabbatar a ofishin ma'aikatar. Lasisin sayar da tikiti ko na jigilar Umara daban ne, ba ya ba mutum ikon kai ma'aikata. In ka ji ana cewa za a biya maka komai ka riƙa biya daga albashi, fasfonka kuma a hannunsu, wannan maganar NAPTIP ce, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Sarkin Tasha ya rubuta:

Ƙarin bayani kaɗan ga masu karatu da ba Gabas za su ba. Ƙasashen ECOWAS ba biza, yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙasa kwana 90. Mai bin mota ta Seme, iyakar Najeriya da Benin, zuwa Aflao, iyakar Togo da Gana, ba a tambayarsa tikitin dawowa, fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS da katin rigakafin shawara ake nema, kuma ka tabbatar an buga maka hatimin shiga a kowace iyaka, kada ɗan kamasho ya zagaya da kai ta bayan shinge. Kwana 90 ɗin na shiga ne, aiki a Gana sai da izini daga hukumar shige da ficensu, kuma dokar zuba jarinsu ta 2013 ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, abin da ya sha jawo rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Accra. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da barin zirga-zirga har sai an sanar da wani abu.

Mai Tikiti ya rubuta:

Sauran takardun da ka tambaya ƙanena. Wata shidan fasfo daga ranar sauka ake ƙirgawa, kuma a bar aƙalla shafi biyu babu hatimi. In sabo za ka yi, tun Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma 200,000. Sunan da ke fasfo, biza da tikiti ya zama ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa a tsayar da kai a kanta, kuma yawancin kamfanoni ba sa canja suna a tikiti sai gyaran harafi biyu ko uku.

Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, a ofishin lafiya na filin jirgi ake yinsa bayan ka yi rajista ka biya ta intanet. Sai allurar ta kwana 10 yake fara aiki, daga nan kuma na har abada ne tun 2016. Kada ka sayi wanda aka cike ba allura, lambarsa ba za ta fito ba in an duba. Mai Umara yana ƙara allurar sanƙarau, ita ma kwana 10 kafin tafiya, da ta shan inna.

Daga Kano zuwa Dubai za ka yada zango, a Addis Ababa, Alƙahira ko Doha. Ka sa tafiyar duka a tikiti ɗaya. In ejen ya haɗa maka tikiti biyu na kamfanoni daban don araha, kayanka a zangon za su tsaya, ɗaukarsu kuma sai ka fita ta shige da fice, wanda ke buƙatar bizar ƙasar. In jirgin farko ya makara na biyu ba ruwansa. Kuma in ka rasa sawun farko na tikiti, sauran sawun har da dawowa sukan soke da kansu, sai ka kira kamfanin tun kafin lokacin tashi.

Kuɗi in ya haura dala 10,000 ka bayyana wa kwastan a nan, a Dubai kuma in ya haura dirhami 60,000. Kada ka ɗauki tiramadol ko maganin tari mai kodin ba takardar likita, kada ka kai goro Saudiyya, kada ka karɓi saƙon kowa ko na makwabci ne. Wajen awon kaya ka tsaya a kan jakarka har a manna mata lamba, ka ƙirga 'yan takardun da aka liƙa a bayan katin shiga jirginka. In jaka ɗaya ka auna, lamba ɗaya za ka gani. In biyu ne, kada ka bar kantar sai an cire ɗayar daga sunanka.